Kwana Hamsin da Shida

Litinin, 3 ga Maris

Yau Yaya ta fara gashi, wato ƙona ciwon kansa da hasken inji. Kwana na ɗaya.

Shekara tara ina aikin jinya a sashen nan, matan da na kwantar a gadon injin sun fi dubu, ban taɓa jin tsoro ba sai yau. Ita kuwa ko a jikinta. Da aka zana mata alamomin tawada a ƙugu na ce kada ta kuskura ta wanke su, sai ta ce, "Auta, shekara talatin ina zana alli a yadin mutane, yau ni aka zana. Saura almakashi." Na ce ba a dariya a ɗakin nan. Ta ce to a nuna mata ɗakin da ake yi.

Na zaunar da ita a ofishina na yi mata bayani yadda nake yi wa kowa. Kansar bakin mahaifa gashi biyu take so. Na waje, mako biyar, kullum ban da Asabar da Lahadi. Sai na ciki, sau uku, mako-mako, wanda ake tura 'yar ƙwaya har inda ciwon yake ta ƙona shi daga kusa. Duka biyun a gama su cikin kwana hamsin da shida. In aka wuce, ciwon yana samun sararin farfaɗowa, kuma duk ranar da aka ƙara rage mata rabo take yi. Ta ce, "Ke kika san wannan. Ni dai ki ce zo, in zo."

Ita ta goya ni bayan rasuwar Mama. Da keken ɗinkinta na yi makarantar jinya. Wata takwas tana zubar jini ba ta gaya min ba, wai kunya. Ƙanwarta na aiki a sashen kansa fa! Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na ƙirga. 27 ga Afrilu ne na hamsin da shida.

Laraba, 5 ga Maris

Mai Lissafi, mutumin da ke auna ƙarfin injinanmu, ya fito daga ɗakin gashin ciki yau da safe yana tsaki. Ba sai na tambaya ba. Ƙwayar ce.

Abu bai fi ƙwayar shinkafa ba, yana cikin tukunyar ƙarfe mai nauyin tsiya, amma shi ke juya mu duka. Ko an yi aiki da ita ko ba a yi ba mutuwa take a hankali, duk kwana saba'in da huɗu rabin ƙarfinta ya tafi. Ƙa'ida bayan wata uku a kawo sabuwa daga waje a jirgin sama, a mayar da tsohuwar. Wannan tun Oktoba take nan. Abin da take yi a minti goma da tana sabuwa yanzu sai ta kusa cin arba'in, mace na kwance da ƙarafa a jikinta ba halin motsi. Da mata biyar muke yi a wuni, yanzu uku, kuma kwana uku kawai a mako muke samun mai allurar barci.

Na ce masa sabuwar fa? Ya ce ofis sun ce mako mai zuwa. Na ce ai tun Janairu makon nan yake zuwa, ko a ƙafa yake tahowa?

Alhamis, 13 ga Maris

Wani ya zo min da takarda daga wani babba, wai a sa matarsa gaba a jerin gashin ciki. Na karanta, na ninke, na miƙa masa abarsa. Na ce a nan wanda ya riga farawa shi ke riga shiga, ko 'yar waye. Ya yi ta kumfar baki. Na bar shi ya gama na nuna masa ƙofa.

Ni ke rubuta jerin nan, ni ke manna shi a allon da ke baranda, sama da bencin da mata ke jira. Shekara tara ba wanda ya taɓa cewa na yi alfarma. Likita ma ba ta dubawa, hannu kawai take sawa. Ba yabon kai ba, abin da nake da shi ke nan a asibitin nan.

Da na shiga ɗakin canza kaya sai na ji Sista Rediyo, wadda bakinta ba ya hutawa, tana ce wa sauran, "Ai yanzu za mu ga ƙarshen gaskiyar. Mu gani ko yayarta za ta bi layi." Da suka gan ni kowa ya kama neman takalminsa.

Na ɗauki jakata na fita. Amma maganar ta bi ni har gida.

Talata, 18 ga Maris

Zawo da amai. Yaya ta rame. Mijinta ya ajiye tuƙin motarsa yana kawo ta kullum, ya zauna a ƙarshen benci cikin mata kamar maraya.

Juma'a, 28 ga Maris

Na rubuta jerin Afrilu.

In an bi tsari, Yaya ce ta farko ranar Talata 8 ga wata. Sai 15, sai 22. Layinta ne, ba alfarma ba, ita ta riga su farawa. Na rubuta ta a sama, na tsaya ina kallon takardar. Sunanta a kan gaba, da rubutuna, a allon da kowa zai gani. Har na ji muryar Rediyo.

Na yaga na sake wani. Na sa mata uku da suka fara bayanta a gabanta. Ita ta koma 17 ga wata.

Ba wani abu ba ne. Ofis sun rantse sabuwar ƙwaya za ta sauka kafin 10. In ta zo ai ma gata na yi wa Yaya, minti goma a madadin arba'in, kuma za a samu gurbin yi mata biyu a mako guda, ta gama kafin 27. Na lissafa sau uku, ya fita.

Likita ta sa hannu tana amsa waya.

Juma'a, 4 ga Afrilu

An gama na waje, ashirin da biyar cif. Kwana na talatin da uku. Jinin ya tsaya. Ta ce min yau ta ji sha'awar taka keke, akwai rigar wata da ta yanka tun Janairu, mai ita ta gaji da aike.

Mun wuce ta gaban allo ta tsaya ta duba. Ta ce, "Na ji kin ce takwas ga wata, yanzu na ga sha bakwai." Na ce an ɗan gyara ne. Ta ce to madalla, ta samu ta huta.

Talata, 8 ga Afrilu

Na kwantar da matar da ta shiga gurbin Yaya. Mai sayar da kayan miya ce, baiwar Allah, sai addu'a take min. Rediyo ta ce a gaban kowa, "Kai, Sista, ke dai ba dama. Har yayarki?" Wallahi na ji daɗi. In ban rubuta a nan ba ina zan rubuta, na ji daɗi ƙwarai.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ƙwayar ba ta zo ba. Wai kamfanin jirgin ya ce takardar izinin shigo da ita ta ƙare kwana biyu kafin tashi.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Kwana na arba'in da shida. An yi wa Yaya na farko.

Ni na riƙe mata hannu aka yi allurar baya, ni na miƙa wa Likita ƙarafan. Daga nan dole kowa ya fita, a rufe ƙofar nan mai kauri, a bar ta ita kaɗai da injin. Ta talabijin ɗin kan tebur nake ganinta, 'yar ƙarama a tsakiyar gado, ƙafafu a ɗaure. Minti hamsin da biyu. Wajen minti na arba'in allurar ta fara sakinta, na ga tana damƙar zanin gado. Na danna abin magana na ce, "Yaya, kada ki motsa, saura kaɗan." Ta ce, "Auta, kaɗan ɗinku na asibiti ko na mutane?"

Da aka cire ƙarafan ba ta yi kuka ba. Ni ce na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Mai Lissafi ya tare ni a baranda. Ya ce bai ji daɗin abin da ya gani a awon yau ba, bai san ko ƙwayar za ta kai mu ƙarshen wata ba. Na ce ta daure ta kai mu Alhamis mai zuwa dai.

Laraba, 23 ga Afrilu

Innalillahi.

Matar jiya da rana ta kasa jurewa, bayan awa guda ta zabura, ƙarfen ya goce, aka tsayar da komai. Yau Mai Lissafi ya kira mu ni da Likita ya ce shi ba zai ƙara sa hannu ba. Ya ce lokacin ya yi tsawon da ba zai iya rantsuwa hasken yana sauka inda aka nufa ba, ana iya ƙona mafitsara ko hanji a bar ciwon. An rufe ɗakin sai sabuwa ta zo.

Na ce gobe ne na Yaya. Ya ce ya sani. Na ce ita kaɗai, ita ba ta motsi, ni na gani da idona. Na ce ya dubi girman Allah. Ni, ni ce yau nake faɗin haka! Ya cire tabarau ya ce, "Sista, da ƙanwata ce ma ba zan yi ba. Ke kin fi kowa sanin haka."

Mai kayan miya jiya da safe ta gama na ukunta. 8, 15, 22. Ta zo ta yi min sallama da ledar tumatir.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Injin gashin ciki biyu ne a duk ƙasar nan. Na kira ɗayan, tafiyar kwana biyu daga nan. Wata nas ta ɗauka, murya a gajiye. Ta ce jerinsu ya cika har Agusta, matanmu takwas ne suka kira kafin ni. Na ce ni ma nas ce, yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce ta yi haƙuri da ni, amma su ba sa alfarma.

Ban san haka kalmar take a kunne ba.

Likita ta ce za a ɗan ƙara wa matan da suka maƙale na waje, amma ta faɗa min gaskiya, ba ya maye gurbin na ciki. Su sha ɗaya ne. Ni na manna sanarwar a allo.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Hamsin da shida.

Talata, 6 ga Mayu

Na ɗauki hutun wuni na tafi ofishin da ke ba da izinin da kaina. Hawa na uku, lif ya lalace. Kujerun roba huɗu, fanka ɗaya tana juyawa kamar an yi mata dole. Sakatariyar ta ce mai sa hannun yana taro. Na zauna daga tara har biyu da kayan aikina a jiki, don a san daga inda na fito.

Abin da na gane, in ka samu takardar izini sai ka jira jirgin da zai yarda ya ɗauko irin wannan kaya, su kuwa ba su da yawa. Kafin a samu jirgin takarda ta ƙare. Kafin a sabunta takarda gurbin jirgin ya wuce. Sau biyu ke nan ana wannan zagayen. Kuma duk wanda ka tambaya ya yi nasa, fayil na teburin wani.

Da mutumin ya fito na sha gabansa a bakin bene. Na ce mata sha ɗaya ne, kowacce kwanakinta na tafiya. Ya ce ya fahimta, ana kai. Na ce ranka ya daɗe ba ka fahimta ba, da ka fahimta da ba ka je cin abinci ba. Sakatariyar ta ce, "Ke baiwar Allah!" Ban san lokacin da na durƙusa masa ba, a kan bene, mutane na wucewa.

Ya ce in tashi, in dawo Alhamis.

Litinin, 12 ga Mayu

An sa hannu. Ban sani ba ko durƙuson ne ko dama lokacinsa ya yi. Biyu daga cikin sha ɗayan sun koma garuruwansu, wayoyinsu ba sa shiga.

Yaya kullum tambayarta ɗaya, "An ce in zo?" In ce tukuna. Ta ce to. Mijinta ne ya ja ni gefe a ƙofar gida ya ce, "Auta, kwanakin nan da kika faɗa mana tun farko, ba sun wuce ba?" Na ce sun ɗan wuce. Ya kalle ni, ya kalli ƙasa, ya ce Allah ya sa mu dace.

Talata, 20 ga Mayu

Ƙwayar ta iso. Mutum huɗu suka turo ta a keke, da 'yan sanda biyu a baya, sai ka ce wata uwar gayya. Masu shara har tafi suka yi. Mai Lissafi ya rufe kansa da ita wuni guda yana awo.

Kwana na saba'in da tara.

Talata, 27 ga Mayu

An yi na biyu Alhamis, na uku yau. Minti tara. Ta ce, "Har an gama? Ashe abin ba wuya, waccan ce raguwa." Tamanin da shida.

Yanzu sai jira, wata uku kafin hoto.

Asabar, 12 ga Yuli

Ta yi ƙiba kaɗan. Ta gama rigar matar nan, ta ɗinka min wata ni ma, ta matse ni a hammata. Ta ce ni ce na ƙara jiki, awonta bai taɓa ƙarya ba. Mun yi dariya har mijinta ya leƙo.

Watakila dai. Ana samun waɗanda suka wuce kwanakin kuma suka warke, na gansu da idona.

Talata, 26 ga Agusta

Ciwon bai tafi ba. Ya ragu a tsakiya, ya kama gefen hagu, ya danne hanyar ƙoda. Shi ne ciwon bayan da take ta cewa keke ne.

Likita ta juya min hoton ta nuna min da biro. Ta ce wurin ya sha hasken da zai iya sha, ba a maimaitawa. Saura magani na jijiya, da kashe zafi. Na tambaye ta kai tsaye, da an gama a kan lokaci fa? Ta ce ba wanda zai iya rantsuwa, wasu ana yi musu komai daidai ya dawo. Ta dafa ni ta ce, "Kada ki ɗora wa kanki. Ke me kika iya? Ƙwaya ce ba ta zo ba."

Na ce haka ne.

Na duba fayil ɗin mai kayan miya kafin in tashi. Hotonta fes. Na yi mata murna, Allah ya sani na yi. Ita ma da na bi tsari tana iya zama cikin sha ɗayan nan, na san wannan, ina ta gaya wa kaina. Sai dai ita kwanakinta da sauran sarari a lokacin. Na Yaya ne suka fi matsewa, kuma ni na ƙirga su.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na wuni gidan Yaya. An rufe keken da zani, an tura shi lungu don a samu wurin katifa a falo, ta ce ɗaki ya yi mata nisa da mutane. Ƙafar hagu ta kumbura. Na yi mata wanka, na shafa mata mai, na ba ta maganin ƙarfe huɗu.

Na zo ne da niyyar in faɗa mata. Tun a mota nake haɗa maganar. Da maganin ya fara kama ta, ta ɗan saki fuska, na ce, "Yaya, kin tuna lokacin da aka ɗaga ranarki daga takwas zuwa sha bakwai?"

Ta ce, "Na tuna mana. Ai ke kika ɗaga, na ga rubutunki."

Gabana ya faɗi.

Ta ce, "Kin san ranar nan ce na fara barci? Tun da aka ce min kansa ban runtsa ba. Da na ga kin sa wasu a gabana sai na ce alhamdulillahi, ashe nawa da sauƙi. Na ce da da haɗari Auta ba za ta taɓa mayar da ni baya ba, ko za a kore ta daga aiki. Har Baban yara na gaya wa ya kwantar da hankalinsa." Ta lalubo hannuna. "Ba haka ba ne? A lokacin ai da sauƙi, daga baya ne ya rikice."

Tana kallona. Idonta duk ya faɗa.

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Ta ce ta sani, ta lumshe ido. Na zauna riƙe da hannunta har mijinta ya dawo, ban ma ji shigowarsa ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Ba ta cin komai sai ruwa. An ƙara maganin.

Litinin, 29 ga Satumba

Ƙwayar Mayu ta haura wata huɗu. Ofis sun ce mako mai zuwa.

Na kai wa Likita jerin Oktoba. Ta jawo biro za ta sa hannu kamar kullum, na dafe takardar. Na ce ta duba tukuna. Ta yi dariya ta ce, "Ni in duba naki? Yau kuma?" Na ce ta duba, ta ƙirga kwanakin kowace mace da kanta, daga ranar da ta fara. Ta kalle ni, ta ajiye biron, ta ɗauko tabarau.

Shafi biyu ne. Na sama na Oktoba. Na ƙasa na Afrilu, da ranar da kowacce ta fara a gefen sunanta. Da safe na ciro shi daga fayil, ban yi wani dogon tunani ba, na dai haɗa su da fil.

Tana ɗaga na saman na fito. Ban koma ofishina ba. Akwai wuri a ƙarshen benci, matan suka matsa min. Wata ta ce, "Sista, lafiya kika zauna nan?" Na ce jira nake a kira ni.